Masu shirya gasar sarauniyar kyau, ku kula da bakin mai gabatarwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ce a Unguwar Sarki, kuma ni na ɗinka wa 'yan mata uku kayan da suka sa a zagayen ƙarshe na wata 'yar gasar sarauniyar kyau da aka yi a wani ɗakin taro nan Kaduna. Shi ya sa na je, na zauna har aka tashi.

Shigar yaran ba ta da abin kunya. Atamfa ce da leshi da mayafi, wata ta fito a Bafulatana da ƙwaryarta, wata kuma cikin kayan gargajiyar Bajju. Tun da Shatu Garko ta Kano ta ci Miss Nigeria da hijabinta a 2021, duk da surutun da ya biyo baya, yaranmu sun gane ba sai an tuɓe ba.

Mai gabatarwa ne ya ɓata mini rai. Ya riƙe makirufo yana yi wa jikin yaran mutane ba'a, can kuma ya sako addini cikin raha don a yi masa tafi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya miƙe ya fita bai ce uffan ba. Wallahi gabana ya faɗi.

Duk wanda ya kai shekaruna ya san dalili. A ƙarshen 2002 Abuja aka shirya yin wasan ƙarshe na Miss World, gasar sarauniyar kyau ta duniya, bayan 'yar Najeriya Agbani Darego ta ɗauko kambin a 2001. Ko kujera ɗaya ba a jera a Kaduna ba. Layi guda da aka rubuta kan gasar a wata jarida, wanda ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW), shi ya tayar da garin. Sama da mutum 200 suka rasu. Gasar aka kwashe ta zuwa Landan, mu aka bar mu da makoki, da maƙwabtan da suka haye kogi ba su ƙara dawowa ba.

Roƙona ga masu shiryawa, yadda kuke kashe kuɗi kan fitilu da ado, ku zaunar da mai gabatarwa tun kafin ranar, ku ji abin da zai faɗa. A fara da wuri a tashi kafin magariba, a ba iyayen yaran kujerun gaba. Ku ma 'yan jarida, Malam Edita, don Allah a riƙa karanta rahoton irin wannan taro sau biyu kafin a buga.

Taku,
Wata tela, Unguwar Sarki, Kaduna