Wasiƙa daga Aboabo: ta sama ko ta ƙasa?

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya Kano, ya sanyi? Saƙonka ya iso, na kuwa ji daɗi da ka ce ba za a ɗaura auren 'yarka ba ka nan. Allah Ya kawo ka lafiya.

Ka tambayi yadda za ka yi daga Accra zuwa nan. Ta sama, tsakanin filin jirginsu da namu kusan kilomita 200 ne, tafiyar minti 40 zuwa 45. Kafin ka gama gyara zama an ce a ɗaura bel, za a sauka. Africa World Airlines da PassionAir ne ke wannan jigila. Filin namu ma ba wanda ka sani ba ne, a 2024 aka buɗe sabon gini, aka sa masa sunan Prempeh I, sarkin Asante da Turawan Ingila suka kama suka kai tsibirin Seychelles. Daga can zuwa gidanmu taku kaɗan ne, har jikokina sun san jirgi da ƙararsa.

Sai dai kada minti 40 ɗin nan ya ruɗe ka. Jirginka na Legas a Terminal 3 zai sauke ka, na cikin gida kuwa a Terminal 2 ake hawa. Ga karɓar kaya, ga sake awo, ga zaman jira, awa uku sun tafi. Abin da ya fi damuna shi ne hazo, tunda a Janairu za ka zo. Bara war haka na wuni a filin Accra tun hantsi, ana ta cewa a ƙara haƙuri, sai da la'asar aka soke tafiyar. Ƙarshe tashar mota ta Circle a cikin Accra na nufa na hau bas, ban ga Kumasi ba sai tsakar dare.

Ta ƙasa kilomita 250 ne ko sama kaɗan, amma ka ware awa biyar zuwa shida. Fita daga Accra kaɗai aiki ne, sannan ku haɗu da tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar ruwan Tema zuwa Burkina Faso da Nijar. Duk da haka ina son hanyar. A Nsawam za a ciko maka taga da burodi, a Nkawkaw ga duwatsun Kwahu kamar za su faɗo kanka, in ka ga Ejisu, garin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante yaƙi da Turawan Ingila, to ka iso.

Shawarata, ka zo ta jirgi, amma ka sauka Accra saura kwana biyu ɗaurin aure, ko hazo ya tare sama akwai mota. Komawa sai mu bi ƙasa tare. Kada in ji ƙorafin ciwon baya, kakanninmu fatake wata da watanni suke yi da jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro.

Ka tuna ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Uwargida ta ce in babu kilishi a jakarka, ba ta buɗe ƙofa.

Naka har kullum,
Amininka na Aboabo