Masu cewa aron kalma na kashe yare su leƙa Finlan

Assalamu alaikum Edita, da fatan ana aiki lafiya. Don Allah a ɗan ba ni fili in tanka wa masu cewa wai yare in ya cika aron kalmomi ya lalace. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata na can arewacin Turai, wajen yaren Finlan da 'yan uwansa na Estoniya da Kareliya da Veps.

Su fa ba dangin Jamusanci ko Rashanci ba ne sam, zuriyar yarukan Ural ce, wadda yaren Hungari ma yake cikinta, shi ya sa kifi a Finlan kala a Hungari hal, hannu nan käsi can kéz, duk da uban nisan da ke tsakaninsu.

Amma abin da ya fi kama ni na aron ne. Sarki a Finlan da Estoniya kuningas ake cewa, daga yaren kakannin Jamusawa suka ɗauko, inda masana suka gano kuningaz ce asalinta, kuma wallahi har yau tana nan kusan yadda aka ba su, alhali masu kayan sun gutsure tasu, Bajamushe ya koma König mutumin Ingila ya ce king, yanzu mai son jin yadda kalmar take tun farko sai ya je gidan wanda ya ara. Masanin nan ɗan Danmak Vilhelm Thomsen tun 1869 ya yi littafi a kan wannan. Ɗari kuma a Finlan sata suke cewa, ba ruwanta da satar da muka sani, daga tsoffin yarukan dangin Indiya da Iran ta zo, tun zamanin da ba wanda ke rubutu a yankin, ita kanta kalmar ce shaidar an taɓa haɗuwa.

Akwai wata ma da take burge ni, gramota ta kakannin Rashawa, ma'ana rubutu, wadda su ma daga Girkanci suka samo. Ta shiga Finlan ta zama Raamattu wato Baibul, a Estoniya kuwa raamat kowane littafi ne.

Kuma aron bai hana su ƙirƙira ba, kwamfuta a Finlan tietokone ce, injin ilimi kenan, sannan Johannes Aavik na Estoniya shi da kansa ya ƙago relv ma'ana makami, mutane suka karɓa suna ta amfani da ita har gobe.

Edita ina roƙo ku buɗe mana shafin asalin kalmomi ko da sau ɗaya a wata ne.

Naku,
Mai karanta ku kullum