Wasiƙa daga Cantaburi, ƙasar Tailan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ni lafiyata ƙalau. Kasuwar duwatsu masu daraja ta ɗan yi sanyi saboda damina, ruwa ba dare ba rana, amma Juma'a zuwa Lahadi muna fita, ana samun na rufin asiri.

Na turo naira 300,000 ta hannun wanda ka sani. Rabi na maganin Inna ne, kada a taɓa. Sauran a raba biyu, kaso ɗaya na Gwaggo da marayunta, ɗaya na gyaran famfo.

Maganar famfon ce ta hana ni barci. An ce mini Auta ya sa masa kwaɗo, sai mai kuɗin jarka yake buɗe wa, har matan bayan layi sun koma rafi. Yaya, da saninka? Guminmu ne ya haƙa rijiyar nan, kuma da sunan marigayi Baba muka haƙa ta.

Mutanen nan yawancinsu mabiya addinin Buddha ne. Kullum in na idar da Asuba gari ya fara wayewa, sai sufayensu su fito a jere, ba takalmi, kai a aske, da mayafi ruwan goro, kowa rungume da ƙwaryarsa kamar almajiranmu, sai dai su ba sa buɗe baki su roƙa. Tsohuwar da nake haya a gidanta takan tuɓe takalminta, ta zuba musu shinkafa mai zafi, ta durƙusa su sa mata albarka. A ƙa'idarsu ba sa cin abinci bayan rana ta take, ba sa kuma ajiye na yau don gobe. Dole kowace safiya su nemi jama'a, jama'a kuma na jiransu. Abin da ya rage a wurin ibadar, yara masu hidima da marasa ƙarfi ke ci, har karnuka. Wani lokaci takan tsiyaya ruwa a hankali cikin ɗan kofi, ta juye a gindin bishiya, ta ce ladan ya kai ga iyayenta da suka mutu da duk mai rai.

Addininsu nasu, namu namu, sallata ba ta wuce ni, ka faɗa wa Kawu ya kwantar da hankalinsa. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni, matar nan ce ta riƙa ajiye mini ayaba da ruwan kwakwa a bakin ƙofa, don ta san ba komai nake ci ba. Ina baƙo ana yi mini haka, a gidanmu kuma ana sayar wa maƙwabta ruwan sadaka?

Na san ku ke ɗauke da nauyin gida, ni ina nesa. Ku yi haƙuri da ni. Amma a cire kwaɗon nan yau. In Auta jari yake so, ya kira ni da bakinsa. Kason Gwaggo kuma ka damƙa mata hannu da hannu, kada a aiki yaro.

A gaida Inna, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka