Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyar Masu Rubuta Manhaja, Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa, iyayen ƙungiya da ƙannenmu ɗalibai.

Shekarar nan kusan abu guda ya cinye ta: yadda manhaja ke samar da lambobin sirri da ba sa cankuwa. Ba haka muka tsara ba. Bayan ƙaramar Sallah wani ɗan'uwa ya kawo manhajar adashin da ya rubuta wa 'yan kasuwa don a duba masa, sai muka tarar lambar da ake tura wa mai kwasa ta waya daga Math.random take fitowa, injin fitar da lambobi da ba don tsaro aka yi shi ba. Da muka bincika namu ayyukan, ashe ba shi kaɗai ba ne. Har da na mai wannan rahoto.

Shi ya sa muka mayar da zaman Asabar na shagonmu da ke Ƙofar Ƙaura darasi a kan wannan. Kwamfuta ba ta san ƙuri'a ba, lissafi take bi daga wani iri, wato lambar farawa, da aka ba ta, kuma wanda ya gano irin ya gano duk abin da zai tsiro. Mun gwada a gaban kowa da random na Python, wanda ke aiki da tsarin lissafin da ake kira Mersenne Twister: in ka tara lambobi 624 da ya fitar a jere, sauran duk a tafin hannunka suke. Ɗakin ya yi tsit ranar.

Mun kuma bi tarihin waɗanda suka fi mu ƙarfi suka faɗa ramin. A 1995 Ian Goldberg da David Wagner, suna ɗalibai a Amurka, sun fasa tsaron burauzar Netscape saboda irinsa daga agogo da lambar da kwamfuta ke ba manhajar da ke aiki ake haɗa shi. A 2008 aka gano gyaran da Debian, wani nau'in Linux, ta yi wa manhajar tsaro ta OpenSSL tun 2006 ya taƙaita makullan sirrin da za su iya fita zuwa kusan 32,767 ga kowane nau'i. A 2013 kuma an kwashe wa mutane Bitcoin ta wata ɓaraka a SecureRandom, injin fitar da lambobin sirri na Android. Na Debian ya fi tsaya mana a rai, domin mai gyaran da kyakkyawar niyya ya yi, kuma shekara biyu ba wanda ya lura.

Matsayar da muka cimma, wadda yanzu ta hau kan kowane mamba: kada wanda ya ƙirƙiri nasa injin, a roƙi babbar manhajar na'ura. Mai PHP ya kira random_bytes ko random_int, suna nan tun PHP 7. Mai Python ya ɗauki secrets, tun 3.6. A burauza crypto.getRandomValues, a Linux getrandom. Alamar shiga da ta sauya kalmar sirri kada ta gaza bayit 16 (bayit ƙaramin ma'aunin bayanan kwamfuta ne).

Wata ƙaramar dabara ta ja musu har aka kira Magariba. Bayit ɗaya ƙima 256 gare shi. In ka raba da 10 ka ɗauki saura don samun lamba daga 0 zuwa 9, 0 zuwa 5 za su fi 6 zuwa 9 yawan fitowa. Wasu suka ce bambancin bai taka kara ya karya ba. A ganina tunda maganin layi ɗaya ne, musun ɓata lokaci ne.

Inda muka gaza: ziyarar 'yan'uwanmu na Daura ba ta yiwu ba, kuma fassarar darussan zuwa Hausa ta tsaya a rabi. Kuɗin wata ma ya ja baya, mafi yawan abin da ya shigo man janareta da data suka cinye. Ma'aji zai karanto dalla-dalla a babban taro.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu koma kan adana kalmomin sirri. Duk mai tsohuwar manhaja da har yanzu jama'a ke amfani da ita, ya zo da kwamfutarsa ranar Asabar bayan La'asar a duba tare.

Sakataren Ƙungiya