Zuwa ga masu hayar motocinmu, kan maganar tankin bayan gida

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa da ke hayar motocin kwana, wato RV, a wajenmu nan Amurka. Hutun makaranta ya zo, masu neman haya sun yi yawa alhamdulillah, shi ya sa muka ce bari mu yi maganar da kowa ke jin nauyinta tun kafin a karɓi makulli, a yi mana haƙuri.

Tankunan datti biyu ne a ƙasan motar, baƙi na bayan gida, sai ɗayan da ruwan wanka da wanke-wanke da alwala ke zuba. Baƙin a motocinmu galan 30 ne, lita 113 ke nan da 'yan kai. Yawancinku saboda tsafta kuna ganin wajen zubarwa sai ku tsaya ku juye ko da rabi bai kai ba, wallahi mun fahimta, amma wannan shi ke kawo mana matsala. Dattin ba famfo ke turo shi ba, nauyin ruwan da ya taru ne ke kwaso shi waje, in ruwan kaɗan ne sai ya tsiyaye ya bar mai kaurin a zaune. Ku bari ya kai kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu. In tafiya ta ƙare bai kai ba, ku taka fulashin ku ƙara ruwa sannan ku juye.

Mafi muni shi ne a isa kamp, wato wajen kwanan motoci, mai bututun datti a ƙasa, a jona tiyo, a ja bawul ɗin baƙin tanki, wato abin da ke toshe mafitarsa, a barshi buɗe sati guda wai don kar ya cika. Ruwa ya tafi, sauran ya yi ta taruwa daidai ƙarƙashin masai yana bushewa har ya tashi kamar suri, ranar da muka buɗe shi a garejinmu yaran nan sai sun yini da sanda da ruwan matsi. Bawul a rufe, kullum, sai lokacin juyewa.

To ta yaya za a gane ya kusa? Gejin da ke bango kar ku ba shi amana sosai, sansa ne, wato 'yar na'urar da ke jin inda ruwa ya kai, a jikin tankin, ɗan guntun tishu in ya manne sai ya nuna ful alhali yanzu aka juye. Ku saurari masan. In kun taka sai kuka ji ya yi gyatsa, kumfa ta taso maimakon ruwa ya wuce shiru, ya kusa. Ko a kashe famfon ruwa a taka feda a haska tocila, a yawancin motocinmu ana hango ruwan. Shi kuwa tankin wanka ba ya ɓoye kansa, ruwa ne zai dawo ta ƙasan shawa.

Butar da muke tsarki da ita ba laifi ba ce, alheri ma ce ga tankin don ruwa yake so, sai dai zai fi na maƙwabcinku Bature saurin cika, Hajiya mai yara biyar kar ki yi lissafi da abin da kika gani a YouTube. Wayif, wato jiƙaƙƙen tishu na jarirai, da audugar mata kuma don Allah a leda, ba sa narkewa ko me aka rubuta a kwalin.

Ranar juyewa a sa safar hannu, a fara da baƙin tankin, in ya gama a rufe sannan a buɗe na wankan ya ɗauraye tiyon da ruwan sabulu, sai a zuba kamar galan 3 na ruwa a masai da maganin da muka saka muku a kabad. Wajen zubarwa akwai a kamp na KOA, da gidajen mai da dama na Love's da Flying J, ana biyan ɗan wani abu, masu zuwa gandun dajin Yellowstone akwai a kamp na Madison da na Grant Village. Gefen titi ko kwalbati kar a soma, tara ce, kuma lambar motarmu za a ɗauka.

Wanda abin ya fi ƙarfin zuciyarsa ya dawo da motar haka, za mu juye mu cire kuɗin a difozit, ku dai faɗa mana a ƙofa. Allah ya kiyaye hanya.

Naku,
masu kamfani da yaran gareji