A sama wa asibitocinmu tafintoci, magani ba ya aiki sai an fahimci mai ciwo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na gani da idona.

Ƙanwata ta haihu, ko arba'in ba ta yi ba sai ta sauya. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai an matsa, jaririn na kuka ita ma tana kuka. A gida aka ce iska ce ta shige ta, aka yi hayaƙi, aka kira malam ya yi ruƙiyya. Da abin ya ƙi, muka nufi wani asibiti. Likitan da muka samu ɗan bautar ƙasa ne, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Sai aka kira wata mai shara ta yi tafinta, mijin ƙanwata kuma na tsaye a kanta.

Likita ya yi tambaya da Turanci ko tana jin baƙin ciki da yanke ƙauna. Mai shara ta juyo ta ce, "Wai ko kina da taɓin hankali?" Daga nan yarinya ta sunkuyar da kai. Wace mai jego ce za ta amsa wannan a gaban mijinta? Da ƙyar ta ce zuciyarta ce ke ciwo. Aka fassara kamar yadda ta faɗa, aka tura mu hoton ƙirji da gwajin zuciya.

Ban ga laifin likitan ba. Ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, har suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Sai dai Bahaushe in ya ce zuciyarsa na ciwo, ba lallai tsokar ƙirji yake nufi ba. Haka in mace ta ce tana da sanyi, ba bargo take nema ba. In tsohuwa ta ce jikanta na da shawara, idonsa za a duba. Wanda bai san waɗannan ba zai rubuta magani, amma na wani ciwon daban.

Komawarmu ta biyu Allah ya haɗa mu da wata dattijuwar nas. Abin da ta fara yi shi ne ta ce wa mijin ƙanwata, "Malam, ɗan ba mu wuri." Ni ma ta kore ni. Daga baya ƙanwata ta ba ni labari cewa ta tambaye ta yaya barci, yaya tunani, wa ke taya ta raino. Da ƙanwata ta ambaci ruƙiyya nas ɗin ba ta yi mata dariya ba, cewa ta yi a ci gaba da addu'a, ga kuma magani a haɗa. Ashe ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana jin magani.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara tsarinsa a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A watan Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Doka ta yi kyau, amma a takarda take. Mutumin da ake tambaya da harshen da ba ya ji, ta yaya zai yarda ko ya ƙi maganin da za a ba shi?

Kada a ɗauka Hausa kaɗai nake karewa. Bafulatanar da ta fito daga ruga, ko Babarbariyar da rikici ya koro zuwa Maiduguri, mu ma Hausawa haka muke yi musu, mu ɗauka kowa na jin Hausa. Har likitocinmu da suka sha Hausa a nono, da Turanci suka yi karatu, wani in ka ce ya bayyana ciwo da Hausa sai ya hau inda-inda.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne a ɗauki tafintoci horarru, musamman mata, a biya su albashi, a koya musu riƙe sirri, a daina jawo mai shara ko ɗan mara lafiya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri su zauna da sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su fitar da kalmomin da ba za su sa mutum ya ji an kira shi mahaukaci ba. Likitan da aka turo bautar ƙasa kuma a ba shi ko makonni kaɗan ne na koyon harshen wurin kafin a zaunar da shi gaban marasa lafiya.

Ƙanwata dai ta samu sauƙi, yaron har ya fara rarrafe. Nas ɗin nan kuwa an ce ta kusa ritaya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya