Gidan hotunan ƙasa ba fadar maroƙa ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan gidajen da ƙasashe ke ginawa don adana hotunan fitattun mutanensu. Na sha jin ana cewa aikinsu kawai wasa manya da kambama su. Ban yarda ba, don na gani da idona.

Shekarun baya na shiga gidan hotunan ƙasa na birnin Landan, wanda aka kafa a 1856. Ƙa'idarsa tun farko ita ce a duba wanda aka zana da abin da ya yi, gwanintar mai zanen ta biyo baya. Har zuwa 1969 ba a rataye hoton mutum sai ya shekara goma da rasuwa, ban da mai sarauta, don kada son zuciya ya shiga zaɓen. Wannan hikima ta burge ni.

Na wuce sarakuna da janar-janar ban ji komai ba, sai na tsaya cak a gaban Ayuba Sulaiman Diallo. Bafulatani ne daga Bundu, a Senegal ta yau. Aka kama shi, aka sayar da shi bawa a gonar taba a Maryland ta Amurka, kuma wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin fansarsa. William Hoare ya zana shi a 1733: farin rawani, farar riga, Alƙur'ani cikin jar gafaka rataye a wuya, idonsa cikin naka. Ayuba ne ya dage sai an zana shi da suturar ƙasarsu. Wallahi sai da idona ya ciko. Cinikin bayi na sha karanta shi a littafi, amma ban taɓa jin ɗacinsa ba sai ranar da ya zo mini da fuska da suna.

Wani abin kuma, Ayuba kansa bayi ya je sayarwa a bakin kogin Gambiya lokacin da aka kama shi. Wannan ma ina so a riƙa gaya wa duk yaron da aka kawo gaban hoton. Roƙona ga masu kula da irin waɗannan gidaje shi ne su rataye har hotunan waɗanda ƙasar ta zalunta, kuma su rubuta labarin kowa a ƙarƙashin hotonsa yadda yake, da daɗi da ba daɗi.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi